Na gama lisans na biyoloji, ta ina ake fara neman aiki a Maradi?

Hadiza Bagalam:
Assalamu alaikum yayye da malamai na cikin gurup ɗin nan, don Allah shawara nike nema. Na ƙare lisans na biyoloji bana a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, takarda ta hito alhamdulillahi, amma tun da na fara yawon kai dosiye har yanzu shiru. Na je wasu labo masu zaman kansu cikin gari, sun karɓe ni da mutunci amma duk maganarsu guda ce, wai takardata ba ta aikin labon asibiti ba ce. Sanarwar aiki kuma da ake turowa nan kowace ka buɗe sai ka ga ana son wanda ya yi shekara 2 ko 3 yana aiki, to wanda ya hito jiya ina zai samo shekarun in ba a ɗauke shi ba? Baba ya ce in nemi koyar da SVT, darasin kimiyyar halitta da ƙasa, a wata makaranta in huta, ni kuma wallahi ba raina koyarwa nike ba, amma bincike ne ya kai ni biyoloji, so nike in riƙa taɓa abu da hannuna ina aunawa. Ku da kun ka riga mu wucewa ta nan, mi kun ka yi a shekararku ta farko?

Lawali Zariya:
Wa alaikis salam ƙanwata, barka da ƙarewa, Allah shi sa albarka. Abu biyu ki yi tun yanzu kafin a shiga dogon zance. Ki je ANPE, hukumar samar da aikin yi, ki yi katin mai neman aiki, don sanarwa da yawa sai da shi ake karɓar dosiye. Sannan ki haɗa takardun sarbis sibik, wato bautar ƙasa, ki kai su, shekara 2 ne, kuma in Allah ya sa aka tura ki ma'aikatar da ta dace da karatunki to ga shekarun nan da ake tambaya sun samu.

Malam Sha'aibu Labo:
Hadiza, mutanen labon nan gaskiya sun ka gaya miki, kuma gara da sun ka faɗa tun da wuri. Ni a ENSP, makarantar kiwon lahiya ta Damagaram, na yi karatu, aikin da nike ci da shi ke nan. Biyoloji ta fakilte daban, biyolojin asibiti daban. Ku an koya muku yadda ƙwayar halitta take da yadda tsiro da dabba suke rayuwa, ta wani fannin kun fi mu zurfi ma. Mu kuma an horar da mu ɗibar jinin marar lahiya, yin GE, wato gwajin ɗigon jini na zazzaɓin cizon sauro, rina gilashin da aka shafa wa jini (lam) da rinin Giemsa, ƙirga ƙwayoyin jini, gane rukunin jini kafin a yi wa mutum ƙari, duba majina don tarin huka. Sakamakon da ka sa wa hannu a kansa likita zai rubuta magani, shi ya sa mai labo ba zai yarda ya ɗora wanda ba shi da takardar ba, in an samu matsala shi za a kama. To in asibiti ne ranki ke so sai ki yi tunanin ƙara takardar biyoloji medikal, ki je makarantun kiwon lahiya ki tambaya da bakinki ko lisans ɗinki zai rage miki wani abu. In kuma bincike ne kamar yadda kin ka ce, ki bar wahalar da kanki a ƙohwar kilinik.

Hadiza Bagalam:
Na gode Malam, yanzu na fahimta. Ni dai ba dole sai asibiti ba. Amma bincike a Maradi ina da ina ne ban da jami'a?

Ɗan Tarna:
Haba ƙanwata, ga INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa, nan a Tarna ƙarƙashin hancinki. Cibiyar ta girmi yawancinmu, INRAN tun 1975 take, kuma tashar Tarna ta riga ta ma. Irin waken nan TN5-78 da manoma ke nema, TN ɗin Tarna ke nan. Ni a ɓangaren ƙwari na fara, kuma ba da takardar ɗaukar aiki na shiga ba, sitaj na roƙa ta hannun malamin da ya duba mini memuwar, wato binciken kammala karatu.

Bari in gaya miki abin da hannu ke yi a can don ki ga ko ya yi miki. Kin san murzuna, tsutsar nan da ke cin zangarniyar gero tana zagayawa tana barin layi kamar an murɗa. Akwai wani ɗan mitsitsin ƙwaro dangin zanzaro, Habrobracon hebetor, macen takan harbi tsutsar ta sandare sai ta yi ƙwai a jikinta, ƴaƴan su cinye ta. Aikinmu kiwon shi. Ana fara kiwon wata tsutsa daban, Corcyra, cikin bokitai da gero da gari, ita ce abincinsa. In gero ya fara hidda kai sai a ɗauki ƴan ƙananan jikkunan algarara, a zuba gero, a sa tsutsa 25 da macen ƙwaron guda 2 waɗanda sun ka riga sun ka haɗu da namiji, a ɗaure, a kai ƙauye a rataya. Cikin kwana goma sha wani abu sabbin ƙwari na hitowa ta ramukan buhun suna bazuwa gonaki. Daga baya mu koma mu yanki zangarniya mu zauna ƙarƙashin gawo muna ƙirga layi nawa, tsutsa nawa ta mutu, muna rubutawa a fish. Ƙirga tsutsa da ɗan buroshi tun sahe har la'asar ba abin da mutum zai ɗora a Facebook ba ne, wuya na ciwo, ido na yaji, amma a nan na koyi rubuta sakamako ba tare da ƙari ba, da sa wa kowane samfur lamba da kwanan wata. Lokacin da wani proje ya zo yana neman masu bin gonaki na wata uku, shugaban labon bai yi sanarwa mai nisa ba, mu da ya ga hannunmu ya kira.

Haka ma buhun PICS mai leda biyu ciki da buhu a waje, wanda ke kashe ƙwarin wake da rashin iska ba tare da magani ba, an yi gwajinsa sosai a nan Maradi. Duk irin wannan aiki matasa masu lisans ne ke auna nauyi suna ƙirga ramuka a ƙwayar wake.

Rabi'u Sabon Gari:
Ɗan Tarna labarinka ya yi daɗi amma a faɗi gaskiya mana. Sitaj ɗin nan da kuke ta yabo wa ke biyan kuɗɗin kabu-kabu? Wa ke ba ka abincin rana? Ni na yi shi a wani wuri da ba zan kama suna ba, wata da watanni ina wanke kwalabe ina share ɗaki, ranar da gurbi ya samu sai ga wani yaro da bai taɓa taka wurin ba an kawo shi daga sama, ɗan wani ne. Aka ba ni takardar shaida aka ce Allah shi ba da sa'a. Mu daina ruɗin yara, a ƙasar nan in ba ka da hanya takardarka ado ce. Kuma aikin kyautar nan da muke yi shi ke sa ba su ɗaukar kowa, tunda kowace shekara ga sabbi nan za su zo su yi a banza.

Ɗan Tarna:
Rabi'u ban ƙaryata ka ba, ana yin haka, na gani da idona. Amma ni ubana manomi ne a hanyar Madarunfa, ba ni da kowa a ofis. Hanyar da na samu ita ce wanda ya ga aikina. Kuma ko kai yanzu takardar shaidar nan da kake rainawa ita ce shekarun da ake tambaya a sanarwa, Hadiza ba ta da ko ita.

Rabi'u Sabon Gari:
Tana cikin akwati. Yanzu waya nike saidawa a kasuwa kuma alhamdulillahi ina ciyar da gida. Ba hana ta nike ba, amma ta shiga da ido buɗe.

Hajiya Maman Zara:
Rabi'u ya taɓo abin da ya kamata a tsaya a kai. Ni na yi shekaru ina karɓar ƴan sitaj kafin in yi ritaya, kuma abin da zan gaya miki ɗiyata shi ne kada ki shiga sitaj marar iyaka. Tun ranar farko a rubuta a takarda, daga wata kaza zuwa wata kaza, wa zai kula da ke, mi za ki koya. Wata uku ya isa a gane ko akwai amfani, in ya yi yawa shida. In kin ga kullum aike ne da share-share, ba a bar ki kin taɓa mikroskop ko sikeli ba, ki karɓi takardarki cikin ladabi ki yi gaba. Wankin kwalabe ba laihi ba ne, kowa da shi ya fara, kuma wanda bai iya wanke kwalba da kunna otoklab, injin kashe ƙwayoyin cuta da tururi, ba zai ɓata gwaji, amma kada ya zama shi kaɗai ne.

Sai maganar da maza ba za su tuna ba. Aikin daji yana nufin kwana a ƙauye, wani lokaci sati guda, cikin mota da maza. Ki zauna da Babanki tun yanzu ki yi mishi bayani, in da hali malaminki ya kira shi ko ki kai shi ya ga wurin. Yara mata nawa na gani sun samu kira sai a gida a ce a'a a daren tahiya, shi ke nan ba a sake kiransu. Kuma ki tambayi yanayin tsaro na inda za a tura ku, ƙauyukan bakin iyaka ta Madarunfa da Gidan Rumji ba kamar da ba ne, wurin aikin kirki zai ba ki amsa ba tare da ya ji haushi ba. Wanda kuma ya ce ki zo ki same shi a wani wuri bayan an tashi aiki don a duba dosiyenki, kin dai gane, kada ki je.

Hadiza Bagalam:
Na gode Hajiya, Allah shi saka da alheri. Maganar Baba gaskiya ce, shi abin da ke damunsa ke nan ma, ba ya son yawon ƙauye.

Malam Sani SVT:
Ni dai ina ta karatu ina jiran in ji wanda zai faɗi alherin alli, shiru. Jama'a koyarwa ba kabari ba ce. Ni da kwantaragi na fara a wani kwaleji na ƙauye, ɗan albashin da ake kira pekil ba ya kai ƙarshen wata, amma da babu gara ba daɗi, da shi na biya kuɗɗin mastar. Malamin SVT ana nemansa, makarantu masu zaman kansu sun cika Maradi kuma da yawa awa-awa suke biya, kina iya ɗaukar aji biyu da sahe ki tahi labo da rana. Hutun damina kuma ya zo daidai da lokacin aikin gona, daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da masu bincike suka fi buƙatar hannu. To mi ya hana a haɗa? Kuma wanda ya tsaya gaban ƴan tarminal D, ajin ƙarshe na lise, ya yi musu bayanin gadon halitta har sun ka gane, ba zai ji tsoron tsayawa gaban kowane kwamitin intabiyu ba.

Lawali Zariya:
Malam Sani a faɗe abin da sauƙi. Cikin ƴan ajinmu waɗanda sun ka ce za su koyar na shekara guda kafin su samu wani abu, yawancinsu har yau suna can. Gyaran takardun yara kaɗai ya ishe ka, ga aure ya zo, ga ƴaƴa, mastar sai dai a mafarki.

Malam Sani SVT:
To suna can suna mi? Suna koyar da ƴaƴanku. Wa ya koya wa Hadiza SVT har ta so biyoloji? Na yarda akwai masu maƙalewa, amma wanda ya zauna gida shekara 2 yana jiran labo shi ma ai ya maƙale, kuma aljihunsa wayam.

A'ishatu Ali Ɗan Sofo:
Ku yi haƙuri in shigo ta wani gefe. Hadiza ni ma biyoloji na yi kuma yau aikina rabi lahiya rabi kwamfuta. Mutane ba su san cewa ana binciken lahiya mai nauyi a jiharmu ba. Epicentre, reshen bincike na ƙungiyar likitoci ta MSF, suna da cibiya a nan Maradi, kuma a Madarunfa aka yi gwajin rigakahin gudawar yara ta rotavirus, wanda ake kira Rotasiil, mai jure zahi. Sakamakon ya hito a 2017, a 2018 OMS, hukumar lahiya ta duniya, ta amince da shi. Irin wannan gwaji ba likitoci kaɗai ke yin sa ba, akwai masu bin gida-gida, masu lura da sanyin firij, masu jigilar samfur, masu shigar da bayanai, masu duba ko fish ya cika daidai. Nan ne mai lisans na biyoloji ke da wurin shiga.

Ni ta anket na fara, wato bin mutane da tambayoyi ana tattara bayanai. Ana ba ka tablet da manhajar cike tambayoyi, KoboCollect ko ODK, a ciki, a horar da ku kwana kaɗan, a yi muku gwaji, wanda ya ci ya tahi daji. Akwai anket na tamowa da INS, hukumar ƙididdiga ta ƙasa, ke yi, akwai rabon maganin rigakahin zazzaɓi na damina ga yara ƴan wata 3 zuwa 59 wanda shi ma ana bin sa da bincike. Aiki ne na sati biyu ko uku, a biya ka ya ƙare, ba aikin dindindin mai matirikil ba ne, amma sunanka na shiga jerin waɗanda ake kira. Abin da ya ɗaga ni daga mai tambaya zuwa mai kula da tawaga Excel ne kawai, wallahi ba wani abu ba. Ranar da aka dawo da bayanai a hargitse, sunan ƙauye guda an rubuta shi iri huɗu, shekarun wani yaro an sa 210, ni ce na zauna na tace su na hidda tebur mai tsabta. Don haka kafin ki samu wani abu ki koyi Excel da gaske, ba buɗewa da rufewa ba, sannan R na nazarin alƙaluma in kin samu kwamfuta, kyauta ne, QGIS na zana taswira ma kyauta ne. Kuma ki rubuta a CV cewa kina jin Hausa kamar ruwa, kada ki ɗauka ba komi ba ne, mai tambayar uwa a ƙauye yadda ɗanta ke gudawa da Faransanci ba zai samo komi ba.

Amma gaskiya guda, kasuwar ONG ta yi sanyi. Tun da Amurka ta tsayar da kuɗɗin USAID a farkon 2025 proje da yawa sun rufe, waɗanda ke da shekaru goma na aiki ma suna neman ƙananan guraben da a da sabbi ke samu. Kada ki jingina da su kaɗai.

Rabi'u Sabon Gari:
Yawwa, ga wadda ta faɗi gaskiya. In manya na rububin aikin anket ina yaro zai sa kai.

A'ishatu Ali Ɗan Sofo:
Yana sa kai Rabi'u, don gwajin da ake yi bayan horo ba ya duba shekaru, kuma yaran yanzu sun fi mu saurin hannu a tablet. Wuya ta ƙaru, ban ce ƙohwa ta rufe ba.

Dokta Mamman:
Salamu alaikum. Na makara, amma bari in ce wani abu a matsayina na wanda ɗalibai ke rubuto wa. Hadiza, in bincike kike so ya zama sana'arki har tsufa, lisans matakin farko ne, da shi za ki zama mai taimaka wa mai bincike, ba mai tsara binciken ba. Sai da mastar, daga baya dakta. Amma ban ba ki shawarar ki faɗa kowace mastar don gudun zaman gida ba. Ki yi daminar nan guda a labo ko a gona, ki gane ƙwari ne ke burge ki ko iri ko ƙasa ko ƙwayoyin cuta, sannan ki zaɓa. Sau da yawa ma proje ne ke ɗaukar nauyin aikin memuwar, kuma wanda ke wurin shi ake ba.

Wuraren da ya kamata ki sani: fakilten aikin gona da muhalli a nan jami'armu, jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, ICRISAT a Sadore kudu da Yamai inda ake aikin gero da dawa da gyaɗa, AGRHYMET masu aikin yanayi da ruwa da noma, CERMES masu aikin sanƙarau da zazzaɓi da sauro, LABOCEL na dabbobi, LANSPEX masu auna magani da abinci da ruwa. Mu ƴan Maradi kuma muna da abin da ƴan Yamai ba su da shi, Kano na kusa. A jami'ar Bayero akwai cibiyar noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa, CDA, tana karɓar ɗalibai daga ƙasashen maƙwabta, cibiyar binciken noma ta IITA ma na da tasha a Kano, ga cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya. Abin da ke kayar da yaranmu a nan Ingilishi ne. Hausa za ta kai ki kasuwar Kano, amma ba za ta rubuta miki memuwar ba, kuma yawancin takardun kimiyya da Ingilishi ake buga su. Ki ware minti 30 kullum.

Sai yadda ake rubuto wa malami. Saƙon da ya ce ina neman sitaj a kowane fanni, ba na iya yin komi da shi. Wanda ya ce na karanta aikinku a kan tsutsar wake da ruwan ƴaƴan bedi, a memuwar ɗina na yi kaza, na iya kaza, ina da lokaci daga Yuli zuwa Oktoba, wannan ina kiransa ko ba ni da kuɗɗi in haɗa shi da wanda ke da su. A CV ma haka, kada ki jera sunayen darussa, ki rubuta abin da hannunki ya taɓa yi, ko da shuka ƙwayoyin cuta a faranti ne ko busar da ganye a jera shi da sunansa. Shafi guda ya isa. Kuma ki je da ƙahwarki, a nan mutum ya fi amsa wanda ya gani.

Hadiza Bagalam:
Na gode ƙwarai Dokta. Memuwar ɗina a kan tsirowar irin gero ne a ƙasa iri-iri, ban ɗauka zai yi amfani a CV ba.

Sale Mai Iri:
Kai, wannan ai shi ne aikinmu! Ƙanwata kamfanonin iri da ƙungiyoyin masu noman iri na jihar nan kowace shekara sai sun gwada tsiro kafin su sa a leda, geron HKP ne ko wake ko gyaɗa 55-437. A ƙirga ƙwaya 100, a jera a yashi mai laima, a yi haka sau huɗu, a dawo a ƙirga waɗanda sun ka tsiro lahiya. Ga bin gonakin masu noma mana iri a cire baƙin tsiro kafin ya yi hure ya gurɓata sauran. Ba mu da albashin ONG, gaskiya, wani ma kaɗan zai ɗara mafi ƙarancin albashi na jaka 42, kuma aikin na lokaci ne, amma mai ilimin da zai riƙe rajista da kyau wuyar samu gare shi. Ki leƙa ɗakin manoma na jiha, CRA, sun san duk masu wannan harka.

Ibro Dakwaro:
A ƙara da gandun daji. Duk wanda ya yi biyolojin tsirrai ko dabbobi ya riƙa sauraren konkur, wato jarrabawar ɗaukar aiki, na ma'aikatan ruwa da daji. Gandun dajin Gadabeji tun 2017 yana cikin jerin wuraren kare halittu na UNESCO, a 2018 an kawo raƙuman dawa 8 daga Kure, ana bin su ana ƙirga. Ga dajin Baban Rafi, ga tabkin Madarunfa da tsuntsayensa. Sassaben zamani ma da duniya ke ta magana a kai, barin kututture ya tohu a gona, a nan jihar Maradi ya fara ƙarhi tun shekarun 1980, kuma duk proje da ya zo kansa sai ya nemi masu auna itace da gane sunansu. Wanda ya san gawo da kalgo da sabara da aduwa da Hausa kuma ya san sunansu na kimiyya ya riga ya wuce rabin masu nema. Sai dai konkur ba kullum ake buɗewa ba kuma akwai iyakar shekaru, takardunki su zama a shirye, takardar haihuwa, ta ɗan ƙasa, kofin diplom da aka buga wa hatimi. Kaziye kaɗai, takardar kotu ta shaidar rashin laihi, kada ki yi da wuri don wata uku yake yi.

Malam Sha'aibu Labo:
Na manta ban ce ba, auna ruwa ma aiki ne da ba ya buƙatar takardar asibiti. Masu ruwan leda sun yi yawa a gari, ga masu nono da yawut. Duk wanda ya san abin da ya samu yaran Tibiri, yadda fluwor mai yawa a ruwan sha ya lanƙwasa musu ƙashi ya ɓata haƙora, ba zai raina mai auna ruwa ba. Matsalar dai ƙananan masu sana'ar ba su saba ɗaukar mai kula da inganci ba, sai kin nuna musu amfanin da kanki.

Lawali Zariya:
Gargaɗi guda tunda ana ta turo sanarwa. Duk wadda aka ce a tura kuɗɗin dosiye ta waya kafin intabiyu, ƙarya ce, ko da tambarin UNICEF ne a sama. Manyan ƙungiyoyin nan ba su karɓar ko dala. Kuma kada ki ba kowa asalin diplom ɗinki, kofi kawai.

Rabi'u Sabon Gari:
Wannan kam na yarda da kai. Ni abin da nike so a ƙara, ku manya da ke cikin gurup ɗin nan, Dokta da su Hajiya, in kun karɓi yaro sitaj ku sa mishi ko kuɗɗin mai a cikin kasafin proje. Ɗan talaka da ke Sura Bildi ba zai iya zuwa Tarna kullum da aljihunsa ba, ƙarshe sai masu hali kaɗai ke samun ƙwarewar, sannan a ce su ne sun ka cancanta.

Dokta Mamman:
Maganarka daidai ce Rabi'u, ba ni da abin musu. Wasunmu na sa wa in mai ba da kuɗɗin ya yarda, wasu ba su ma tuna ba. Zan tayar da ita a taronmu na sashe.

Malam Sani SVT:
Kafin taron ya zauna dai aji biyu na SVT na biyan kabu-kabu.

Hadiza Bagalam:
Allah shi saka wa kowa. Yaya Ɗan Tarna, wasiƙar neman sitaj ɗin wa ake rubuta wa, shugaban cibiya ko shugaban labo? Kuma yaushe ya fi dacewa a kai?

Ɗan Tarna:
Shugaban cibiya ake rubuta wa, amma ki fara ganin mai labon ya ce yana da wuri, don in takardar ta sauko ana tambayarsa ne. Ki haɗa da ƴar wasiƙa daga malamin da ya duba miki memuwar. Kada ki jira damina ta sauka, a Afrilu da Mayu ake tsara gwaje-gwaje ana raba aiki, kiwon ƙwarin ma tun kafin shuka ake ƙara shi. Tunda tsirowar iri kin ka yi ki tambayi ɓangaren masu zaɓen iri tukuna kafin namu, kuma ki je da sahe kafin su hita gona.